Matti Nykänen: Gwanin Tsallen Zamiya da Zamanin da Ya Wuce Shi

A ƙasarmu ta Funtua da Malumfashi, idan aka ambaci ƙanƙara babu wanda hankalinsa zai tafi ga wasa. Ita ce mai saukowa tare da hadarin damina, ta yayyaga ganyen masara, ta kakkarya auduga tun tana ƙarama, manomi ya wayi gari yana salati a bakin gonarsa. Saboda haka na san akwai tambaya a kaina da na zaɓi rubuta tarihin mutumin da ya yi suna a wasan da ba a yin sa sai a kan dusar ƙanƙara, a wata ƙasa da ke can ƙuryar arewacin Turai. Na fara ganinsa ne a wani tsohon bidiyo cikin wayar abokin karatuna, muna aji uku a jami'a: wani siririn saurayi ya gangaro daga kan hasumiya, ya rabu da ƙasa, ya kwanta a kan iska kamar shaho ya hango 'yan tsaki. Da na bi diddigin labarinsa sai na tarar da abin da na riga na sani tun ina yaro a bakin filin dambe bayan kaka, wato yadda jama'a ke ɗaga gwani sama, da yadda suke ba da labarin faɗuwarsa ta hanyar da za ta wanke su. Sunansa Matti Nykänen, mutumin ƙasar Finlan.

Kafin a shiga tarihinsa, ya kamata mai karatu ya san yadda wasan yake. Akan gina doguwar hasumiya a kan tudu, a shimfiɗa mata gangara mai santsi. Ɗan wasa yakan ɗaura wa kowace ƙafa siririn katako wanda ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, ya tsuguna, ya saki jiki ya gangaro. Kafin ya kai bakin gangarar gudunsa ya kai kimanin kilomita 90 a awa guda, gudun motar haya ke nan a kan hanyar Funtua zuwa Zariya idan direba ya sami sarari. A daidai bakin nan zai miƙe da ƙarfin cinyoyinsa ya faɗa cikin iska. Ƙiftawar ido ce ke raba gwani da wanda ba gwani ba, domin wanda ya yi gaggawar miƙewa da wanda ya makara duk asara ɗaya suke yi. Daga nan sai ya kwanta a kan katakan nasa, kansa a gaba, har ya sauka can ƙasan tudun. Mai kallo zai ɗauka daga sararin samaniya yake faɗowa, alhali an gina tudun ne yadda gangararsa ke bin lanƙwasar tsallen, ƙasa tana guje masa yana bin ta.

Ba nisa kaɗai ake aunawa ba, kuma wannan shi ne mabuɗin labarin da zan bayar. Akwai alƙalai biyar da ke ba da makin kyawun tsalle, kowannensu har zuwa maki 20. Akan zubar da mafi yawa da mafi ƙaranci, a tara ukun da suka rage a kan makin nisa. Abin da alƙalan ke dubawa shi ne natsuwar jiki a sama da yadda aka sauka, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, hannuwa a ware. Ke nan a wannan wasa akwai abin da igiyar awo ke faɗa, akwai kuma abin da idon manya ya saba gani ya kira shi kyau.

Asalin wasan na manoma ne. A lardin Telemark na ƙasar Norwe, idan hunturu ya rufe gonaki, samarin ƙauyuka sukan fita su gwada jarunta a kan tuddai da katakan da suke tafiyar yau da kullum da su. Wanda aka fi tunawa a cikinsu shi ne Sondre Norheim na ƙauyen Morgedal, talakan manomi mai noma ƙasar wani, wanda ya je babban birnin ƙasar a 1868 ya cinye gasa a gaban 'yan birni. Salon saukar da alƙalai ke nema har gobe sunan lardinsa yake ɗauke da shi. Duk wanda ya tashi a karkararmu zai gane wannan tsari, domin mu ma sai an kai amfanin gona gida, rumbu ya cika, sannan kalangu ke kiran 'yan dambe fili. Norheim kansa talauci bai bar shi ya tsufa a gida ba. Ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1884, a can ya rasu a 1897.

Daga 1924, lokacin da aka fara gasar Olamfik ta hunturu, har zuwa 1952, babu wanda ya ci zinaren tsalle sai mutumin Norwe. A wancan zamani akan yi tsallen ne da hannuwa a miƙe gaba ko ana kaɗa su. Sai aka gano cewa idan aka manna hannuwa a jiki aka haɗe katakan biyu a jere, iska ta fi ɗaukar mutum. 'Yan Finlan na cikin waɗanda suka fara rungumar wannan sabon salo, kuma da shi Antti Hyvärinen ya karya lagon Norwe a Cortina ta Italiya a 1956. A riƙe wannan a zuci: sauyin salo ne ya buɗe wa Finlan ƙofa tun farko.

Ita kuwa Finlan ƙasa ce da ta daɗe tana neman sunanta a filin wasa. Sai a 1917 ta sami 'yancin kai daga Rasha, amma tun a 1912 Hannes Kolehmainen ya riga ya sa duniya ta san da ita a tseren dogon zango a Stockholm. Paavo Nurmi ya biyo baya da zinare tara tsakanin 1920 da 1928, sannan Lasse Virén a 1972 da 1976. A ƙasar da mutanenta ba su cika miliyan biyar ba a shekarun 1980, kuma take zaune a gefen Tarayyar Sobiyet tana taka-tsantsan da kowace kalma, gwanin wasa ya wuce ɗan gidansu. Dukiyar ƙasa ne, kowa yana jin yana da rabo a cikinsa.

Cikin wannan yanayi aka haifi Matti Nykänen a garin Jyväskylä, ranar 17 ga Yuli, 1963. Tun yana yaro ya lazimci tudun Laajavuori da ke gefen garin, kuma abin da mutanen da suka san shi suka fi ambata shi ne naci: yana sauka zai koma sama, ya sake, ya kuma sake, har duhu ya kore shi. A hannun mai horarwa Matti Pulli ya girma, mutumin da ya zame masa malami kuma uban goyo tsawon shekarun tashensa. A 1981 ya zama gwanin matasa na duniya a Schonach ta Jamus, kuma kafin shekarar ta fita, ranar 30 ga Disamba, ya ci gasarsa ta farko ta Kofin Duniya a Oberstdorf.

Wata biyu bayan haka aka yi gasar duniya a Holmenkollen da ke Oslo, wurin da ake tsalle tun 1892, wanda yake kamar fada ga ma'abota wannan wasa. Ranar babban tudu hazo ya sauko ya rufe komai, irin wanda ya fi ƙurar hunturunmu kauri, har 'yan kallo da alƙalai da ƙyar suke ganin masu tsallen. A irin wannan rana mutum yana jefa kansa ne cikin farin duhu, ba ya ganin inda zai sauka sai ya kusa taɓa shi. Nykänen yana da shekara 18 ya cinye, ya bar Olav Hansson ɗan gida a na biyu. A shekarar da ta biyo baya ya haɗa Kofin Duniya da gasar Tuddai Huɗu, wadda ake yi a ƙarshen kowace shekara da farkon sabuwa a garuruwa biyu na Jamus da biyu na Ostiriya.

Gwani ba ya cika sai da abokin karo. Nasa shi ne Jens Weissflog na Jamus ta Gabas, wanda ya girme wa da shekara ɗaya, ɗan ƙaramin mutum da 'yan ƙasarsa ke yi wa laƙabi da ƙuma saboda rashin nauyinsa. A Olamfik ɗin Sarajevo ta 1984 suka raba fili: Weissflog ya ci ƙaramin tudu Nykänen na bin sa, sannan a babban tudu aka juya, Nykänen ya ba shi ratar fiye da maki 17, tazarar da a wannan wasa ba a kiran ta nasara kawai, sai dai a ce kisa, kamar yadda 'yan dambe ke faɗa. Mutanen biyu sun bambanta ta kowace fuska. Weissflog ɗan tsarin gwamnatin gurguzu ne mai lissafa komai, mai kame kai. Nykänen kuwa ba a san da wace fuska zai tashi gobe ba.

Akwai wani reshe na wasan da ake yi a kan manyan tuddai ƙwarai, wanda su kansu masu abin ba sa kiran sa tsalle, tashi suke ce masa. A nan ne rashin tsoronsa ya fi fitowa. A watan Maris na 1984, a Oberstdorf, ya kai mita 185, nisan da ba a taɓa kaiwa ba. Bayan shekara guda, a Planica ta tsohuwar Yugoslabiya, ya kai 187, sannan 191, ya kuma ɗauki kambin duniya na wannan reshe. Mita 191 ya kusa tsawon filin ƙwallo biyu a jere. Hukumar wasan ta duniya ta tsorata da inda abin ya dosa, ta kafa doka cewa duk wanda ya wuce mita 191 ba za a ƙara masa maki ba, dokar da ta yi aiki har 1994. Shekaru da dama, iyakar da aka yarda ɗan Adam ya kai a wannan wasa ita ce inda Nykänen ya sauka.

A nan ne ya zama dole a kawo maganar giya, domin ita ce aka fi rataya wa faɗuwarsa. Ba a ɓoye take ba ko a lokacin. A hunturun 1986 zuwa 1987 sai da shugabannin tawagarsa suka sallamo shi gida daga tsakiyar gasar Tuddai Huɗu saboda ita. Amma a dubi abin da ya biyo baya. Makonni kaɗan aka mayar da shi, ya ci azurfa a gasar duniya ta Oberstdorf, ya taimaki ƙasarsa ta ci zinaren ƙungiya. Haka abin ya riƙa tafiya: a yi fushi, a hukunta, gasa ta matso, a yafe. Muddin yana kawo zinare, halinsa abin ba da labari ne a yi dariya. Ban ce babu masu yi masa faɗa da zuciya ɗaya ba, Pulli ya sha wahalarsa matuƙa. Sai dai ƙasar da ke jiran lambar zinare ba ta da haƙurin da za ta ce wa saurayi ɗan shekara 23 ya zauna gida shekara guda ya nemi magani.

Kuma shekarar da ta fi kowace haske a rayuwarsa bayan wannan sallama ta zo. A hunturun 1987 zuwa 1988 ya sake cin Tuddai Huɗu, ya ci Kofin Duniya karo na huɗu, a cikin wannan hunturun kuma ya nufi Calgary ta Kanada. A ƙaramin tudu ya yi mita 89.5 sau biyu, ya ba Pavel Ploc na Cekoslobakiya ratar maki 17. Iska ta sa aka yi ta ɗage gasar babban tudu, abin da kan karya zuciyar 'yan wasa da yawa, domin jira a saman hasumiya ya fi tsallen kansa cin rai. Da aka samu aka yi, tsallensa na farko mita 118.5 ne, kuma daga nan sauran suka koma neman na biyu. Washegari ya jagoranci Ari-Pekka Nikkola da Tuomo Ylipulli da Jari Puikkonen suka ci gasar ƙungiya, wadda a shekarar aka fara sa ta a Olamfik. Zinare uku a zama ɗaya, abin da wani mai tsalle bai taɓa yi ba kafinsa. Abin dariya, a ƙasashe masu jin Ingilishi wanda aka fi yayatawa daga wannan gasa shi ne Eddie Edwards na Birtaniya, wanda ya zo na ƙarshe a tuddan biyu.

Yana da shekara 24 a lokacin. Bayan wata goma, ranar 1 ga Janairu, 1989, ya ci gasar Garmisch-Partenkirchen, nasararsa ta 46 a Kofin Duniya. Babu wanda ya san ita ce ta ƙarshe.

Abin da ya faru shi ne wani ɗan Suwidin mai suna Jan Boklöv, wanda ba a lissafa shi cikin manya, ya fara ware katakansa a sama tun wajen 1985, bayansu a haɗe gabansu a buɗe kamar bakin almakashi. Da haka jikinsa da katakan suka zama faffadan abu guda da iska ke tallafa, ya riƙa wuce kowa nisa. Alƙalai suka ga abin ya saɓa wa kyawun da suka gada, suka yi ta zaftare masa maki, manyan wasan suna yi masa dariya. Amma nisan da yake samu ya fi makin da ake cire masa, kuma a hunturun 1988 zuwa 1989, daidai lokacin da Nykänen ya yi nasararsa ta ƙarshe, Boklöv ne ya ɗauki Kofin Duniya. Igiyar awo ta rinjayi idon alƙalai. Cikin shekara uku kusan duk mai neman lamba ya koma ware ƙafa.

Ra'ayina, bayan na bi jerin shekarun nan ɗaya bayan ɗaya, shi ne giya ita kaɗai ba ta isa ta bayyana ƙarshen tashensa ba. Tana tare da shi a Sarajevo, tana tare da shi a Calgary, bai fasa ci ba. Abin da ya sauya tsakanin 1988 da 1991 shi ne wasan kansa. Duk fifikon Nykänen a kan salon haɗe katako aka gina shi, salon da jikinsa ya haddace tun yana yaro a Laajavuori ta hanyar maimaici marar iyaka. Wanda ya fi kowa ƙwarewa a tsohon abu shi ne ya fi kowa asara idan aka sauya shi. Inda giyar ta yi ɓarnarta ta gaske shi ne ta hana shi abin da sake koyo ke buƙata: natsuwa, da haƙurin zama ɗan koyo bayan an zama malami, da jure ganin yara suna wuce ka shekara ɗaya ko biyu. Hujjata a nan Weissflog ne. Shi ma a tsohon salo ya tashi, shi ma ya sha kashi a Olamfik ɗin 1992, amma ya koma ya rushe abin da ya iya ya sake gini, ya ci zinaren babban tudu a Lillehammer a 1994, shekara goma cif bayan Sarajevo, ya kuma ci Tuddai Huɗu karo na huɗu a 1996. Nykänen kuwa ya sami tagulla da zinaren ƙungiya a Lahti a 1989, azurfa a Vikersund a 1990, sannan a gasar duniya ta 1991 ya ƙare can wajen wutsiyar jeri, ya ajiye wasa. A Albertville, shekara guda bayan haka, wanda ya ci babban tudu ɗan ƙasarsa ne, Toni Nieminen, yaro ɗan shekara 16, ƙafafunsa a ware. Finlan ba ta yi ko hunturu biyu babu gwani ba.

Sauran shekarunsa ba su da daɗin faɗa, kuma ba zan daɗe a kansu ba. Ya koma waƙa, faifansa na farko a 1992 ya yi kasuwa ƙwarai, ba don murya ba sai don suna. Bashi ya kai shi ga rabuwa da lambobinsa, waɗanda daga baya suka ƙare a gidan tarihin wasanni na Helsinki. Ya yi aure ya sake sau da dama. A 2004 kotu ta ɗaure shi wata 26 saboda ya daɓa wa wani mutum wuƙa suna cikin shaye-shaye, a 2010 kuma aka sake yanke masa wata 16 saboda raunata matarsa. Waɗannan mutane ne da aka cutar, kuma babu yawan zinaren da zai goge hakan. Abin da nake tuhumar jama'arsa da shi daban ne: jaridun tsegumi sun mayar da shi hanyar cin abinci, kowane maye da kowane faɗa da farashinsa, masu saye kuwa su ne waɗanda suka yi ta tafi a 1988. A 2006 har fim aka yi a kan rayuwarsa yana raye, aka cika gidajen kallo.

A nan ne nakan tuna da namu. Muhammadu Shago ya bar fili tun kafin a haifi irinmu, amma yaron da bai taɓa ganin hotonsa ba ya san sunansa, ya san na Ɗandunawa, domin Ɗan Anace ya ɗaure su cikin waƙa a lokacin da hannunsu ke da nauyi. Makaɗi yakan tsayar da gwani a ranar da ya fi kowa, ya bar shi a nan. Wannan rahama ce ta wata fuska, ta wata fuskar kuma rufa-rufa ce, domin kalangu ba ya bin ɗan dambe gida idan ƙarfi ya ƙare, ba ya faɗin wanda ya biya kuɗin magani lokacin da haƙarƙari da ido suka fara karɓar bashinsu. Na ga irin waɗannan tsofaffi a kasuwannin ƙauyukanmu, a gefen rumfar mahauta, sai wani ya nuna maka da baki ya ce wancan da kake gani, da can ba a haɗa ido da shi. Finlan ta rubuta kowane rabin mita na Nykänen, ta kuma rubuta kowace kwalba. Mu mun adana kirari mun bar sauran. Ban ga wanda ya fi wani kyautata wa gwaninsa ba a cikinmu.

Tarihin nasarori 46 da ya kafa ya tsaya shekara 24, sai a 2013 Gregor Schlierenzauer na Ostiriya ya wuce shi. Shi kuwa bai rabu da tudu kwata-kwata ba. A 2008, yana da shekara 44, ya shiga gasar tsofaffin 'yan wasa ta duniya a Taivalkoski da ke arewacin ƙasarsa, a kan ɗan ƙaramin tudu irin wanda yara ke koyo a kai, ya kuma cinye rukuninsa. Ya rasu ranar 4 ga Fabrairu, 2019, yana da shekara 55, 'yan watanni bayan likitoci sun gano yana da ciwon sukari. Gwamnati ce ta ɗauki nauyin jana'izarsa a Jyväskylä, garin da babban tudun Laajavuori ke amsa sunansa.